Man Shafawa Na Gida Don Faso Da Tsagewar Fata: Shawara Ga Sababbin Zuwa Ƙasashen Sanyi

Duk wanda ya sauka ƙasashen sanyi a watan Oktoba ko Nuwamba, kafin ya gama sanin hanyoyin unguwarsa fatarsa za ta sanar da shi cewa ya sauya ƙasa. Leɓe ya tsage, bayan hannu ya yi furu-furu, dunduniya ta yi kaushi, daga nan sai faso ya buɗe har taka ƙasa ya zama wahala. Dalilin a fili yake: iska mai sanyi ba ta riƙe laima, na'urar ɗumama ɗaki tana ƙara busar da iskar cikin gida, sannan ruwan zafi da sabulu mai ƙarfi suna wanke maiƙon da fata ke fitarwa don kare kanta. Masu aikin goge-goge da masu kula da tsofaffi, waɗanda hannunsu ba ya rabuwa da ruwa, su suka fi shan wuya. Abin da nake alfahari da shi game da mutanenmu shi ne ba sa naɗe hannu su jira, sun taso da sanin mai da ganye, kuma da yawansu suna haɗa abin shafawarsu da kansu. Abin da ke ɓata mini rai kuma shi ne ganin kowace shekara sababbin zuwa suna faɗawa ramin da aka riga aka nuna musu.

Haɗa man ba shi da wuya. Ana auna kashi ɗaya na kakin zuma da kashi huɗu ko biyar na mai, misali giram 20 na kaki da giram 100 na man zaitun, a zuba a kwanon da aka ɗora cikin tukunyar ruwan zafi, domin kaki yana narkewa tun daga wajen digiri 62 zuwa 64 a ma'aunin Selshiyos kuma ba ya bukatar wuta kai tsaye. Wanda ke da man kaɗanya ya ƙara cokali biyu a ƙarshe, ya juya, ya zuba a busasshiyar kwalba mai murfi. Ana shafawa bayan wanka tun fata tana da damshi, da daddare kuma a sa safar auduga.

Wurin ganye ne ake fara kuskure. Furen kalandula da na kamomil su ne aka fi amfani da su, kuma dole su bushe ƙarau kafin a jiƙa su a mai na mako huɗu zuwa shida, sannan a tace da ƙyalle mai tsabta. Ɗanyen ganye yana ɗauke da ruwa, ruwa kuwa a cikin man da ba shi da sinadarin hana lalacewa gida ne na fumfuna da ƙwayoyin cuta, mutum ya riƙa shafa su a kan fatar da ta riga ta tsage. Ganyen komfiri, wanda ake yawan yabawa a intanet, yana ɗauke da sinadaran da ke cutar da hanta, don haka ba a ɗora shi a kan fatar da ta buɗe. Kowane sabon haɗi a fara gwada shi a cikin damtse, a jira kwana ɗaya ko biyu a ga ko zai kawo ja ko ƙaiƙayi. Kada kuma a yarda da shawarar masu cewa a matsa man bilicin a ciki don haɗin ya fi saurin aiki, domin da yawa daga irin waɗannan mayukan suna ɗauke da wani magani mai ƙarfi da ake kira sitiroyid, wanda ke siranta fata, ya bar ta tana tsagewa fiye da da. Mai ciwon suga da ya ga faso, da duk wanda tsagewarsa ta yi kumburi ko ta fara fitar da mugunya, likita zai nema, ba kwalbar mai ba.

Ragowar kaki ba a zuba shi a magudanar wurin wanke-wanke, domin yana daskarewa ya toshe bututu, mai gidan haya kuma ya cire kuɗin gyara daga ajiyar da aka ba shi. A goge kwanon da takarda tun yana da ɗumi. Hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta kuma yi gargaɗi a 2018 cewa tufafi da zanen gado da suka sha man shafawa suna saurin kama wuta.

Inda abin ya fi ciwo shi ne sayarwa. Da zarar man ya yi wa mutum aiki, sai maƙwabta su roƙa, sai a ce ai wannan sana'a ce, sai a fara tallarsa a WhatsApp da Facebook ba tare da an tambayi kowa abin da doka ta ce ba. A ƙasashen Tarayyar Turai akwai doka mai lamba 1223/2009, wadda ta fara aiki gaba ɗaya a watan Yulin 2013, kuma ba ta bambanta babban kamfani da mai haɗa kwalba goma a ɗakin girkinta ba. Kafin a sayar da ko da kwalba ɗaya, sai ƙwararre mai shaidar karatun harhaɗa magunguna ko likitanci ko ilimin guba ya duba haɗin ya rubuta rahoton cewa ba zai cutar ba, sai an shigar da kayan a rumbun rajista na Tarayyar, sai an manna takarda mai ɗauke da jerin abubuwan da ke ciki da sunan wanda zai ɗauki alhaki da adireshinsa. Birtaniya tana da nata tsarin rajistar tun farkon 2021, sharuɗɗan kuma kusan iri ɗaya ne. A Kanada ana sanar da ma'aikatar lafiya cikin kwana 10 da fara sayarwa. Mafi haɗari shi ne a rubuta cewa man yana warkar da kirci ko wata cutar fata, domin wannan kalmar kaɗai tana iya fitar da shi daga sahun kayan shafawa ta mayar da shi magani a idon hukuma, sayar da magani babu lasisi kuwa laifi ne.

Na taɓa raka wata baiwar Allah mai haɗa man tana sayarwa don in yi mata tafinta bayan yaron wata da ta saya a wurinta ya yi ƙuraje a fuska. Likita ya nemi ganin kwalbar, ya tarar babu suna, babu kwanan wata, babu jerin abin da aka zuba, ita kanta mai haɗin ba ta iya tuna wane mai ta yi amfani da shi a wancan karon ba. Mace ce mai tsabta da riƙon amana, ba ta nufi kowa da sharri ba, amma jami'an da suka zo takarda suka tambaya, ba niyya ba. Kwanakin da ta yi ba barci tana fargabar ko maganar za ta taɓa izinin zamanta ba na fatan su ga kowa. Ga ɗalibai abin ya fi tsanani, domin bizar karatu ta Birtaniya ta haramta wa mai ita yin sana'ar kansa, ko da ta sayar da man shafawa ce.

Wanda ya ƙuduri niyyar sana'ar da gaske ya fara duba abin da bizarsa ta yarda masa, sannan ya tsayar da haɗi guda da awonsa a rubuce, ya biya a duba masa shi, ya nemi inshorar kaya kafin ya karɓi kuɗin kowa. Wanda kuma don kansa da iyalinsa yake yi, ya rubuta ranar haɗawa da abin da ya zuba a jikin kwalbar, ya ajiye ta nesa da na'urar ɗumama ɗaki, ya zubar da ita idan ta sauya wari ko ta haura wata shida.