Kurakuran da aka fi yi wajen manna alamun gargaɗi a kan kaya masu haɗari

Mai kaya ya san abin da ya zuba a ganga. Ɗan dako da direba da ma'aikacin kashe gobara kuwa, alamar da ke jikin gangar ce kaɗai za ta gaya musu ko kayan na ci da wuta, ko guba ne, ko kuma irin wanda ba a watsa wa ruwa. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya sun kasa kaya masu haɗari aji tara, kuma a kansu aka gina dokokin IMDG na jirgin ruwa, da na ICAO da IATA na jirgin sama, da ADR na mota.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaɓar alama da ka. Mutum ya ji warin abu ya ce ai mai kamawa da wuta ne, ya manna jar alama ta aji 3, shi ke nan. Gyaran yana sashe na 14 na takardar bayanan sinadarin, wato SDS. A nan za a ga lambar UN, wato lambar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba kayan, da sunan da doka ta yarda a yi jigila da shi, da ajinsa, da haɗari na biyu idan akwai. Wannan haɗari na biyun ne ake yawan mantawa. Metanol, UN1230, yana ci da wuta kuma guba ne, saboda haka sai an haɗa jar alamar aji 3 da farar alamar 6.1 mai ƙoƙon kai, gefe da gefe, a fuska ɗaya ta kwalin, kusa da sunan kayan.

Wasu kuma suna ganin hotunan GHS, wato alamun gargaɗin sinadarai masu jan gefe da farin tsakiya, a jikin jarka sai su ɗauka an gama. Waɗannan na mai amfani da sinadarin ne a wurin aiki, ba su da lambar aji a ƙasa, kuma ba sa maye gurbin alamar jigila.

Girma ma doka ne. Alamar murabba'i ce da aka tsayar a kan kusurwarta, kowane gefe aƙalla milimita 100. Ana rage ta ne kawai idan kwalin ya yi ƙanƙantar da ba zai ɗauke ta ba. Tsayin lambar UN milimita 12 ne, ko 6 a kan abin da bai wuce lita 30 ko kilo 30 ba. Mazubin da ya haura lita 450 yana buƙatar alama a ɓangarori biyu masu ba juna baya, kwantenar da za ta bi ruwa kuma alamarta milimita 250 ce, a gefe biyu da gaba da baya. Bugawa a takardar ofis asarar kuɗi ce: dokar IMDG ta ce dole alamar ta karantu ko da kayan sun yi wata uku a cikin teku. Kada a lanƙwasa ta a kan kusurwar kwali, kada igiyar ɗauri ko takardar adireshi ta hau kanta.

Inda aka fi tafka kuskure a yanzu shi ne baturan litiyam. Batirin da ake caji idan shi kaɗai ne UN3480, idan yana cikin na'ura ko an haɗa su a kwali ɗaya UN3481. Wanda ba a cajinsa yana da nasa lambobin, UN3090 da UN3091. Fawa-bank yakan ruɗi mutane domin yana kama da na'ura, alhali a dokar jirgin sama batir ne zalla, UN3480. Alamarsu ma ba ta aji 9 da aka saba ba ce, 9A ce, mai hoton batura a ƙasa, ɗaya ya fashe yana fitar da wuta. Tun 2016 aka hana ɗaukar UN3480 a matsayin kaya a jirgin fasinja, don haka sai an ƙara alamar nan mai ruwan lemo ta jirgin kaya kawai, kuma cajinsa kada ya wuce kashi 30 cikin 100.

Kwalin da ke ɗauke da kwalabe ko jarkokin ruwa-ruwa yana buƙatar kibiyoyi masu nuna sama a ɓangarori biyu masu ba juna baya, ɗaya ba ta isa ba. Busasshiyar ƙanƙara, wato daskararriyar iskar carbon dioxide, UN1845, idan ta jirgin sama ce sai an rubuta nauyinta da kilo a jiki. Alamar da ake sa wa kaya masu haɗari idan kaɗan ne, mai baƙi sama da ƙasa, ta jirgin sama tana da harafin Y a tsakiya. Idan kuma aka jera kwalaye a kan falet, wato katakon jera kaya, aka naɗe su da ledar da ta ɓoye alamun, sai a sake manna kowace alama a waje a rubuta OVERPACK da haruffa masu tsayin milimita 12.

Saura batun tsofaffin mazubai, kuma kuskuren ta fuska biyu yake zuwa. Kwalin da aka sake amfani da shi da tsohuwar alama a jiki zai sa a tsare kayan da ba su da haɗarin komai, don haka a ɓare ta ko a shafe ta gaba ɗaya. Gangar fetur, UN1203, da aka juye amma ba a wanke ba kuwa, tururin da ya saura a ciki zai iya kamawa da ƙyasti ɗaya. Alamarta da lambarta suna nan a jiki kamar lokacin da take cike, har sai an wanke ta an fitar da tururin.