Yadda Ake Shirya Fitar Rukuni Daga Ɗakin Kwanan Ɗalibai

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin kwanan ɗalibai ya san yadda makonni suke shuɗewa tsakanin aji da ɗakin karatu da gado, har ɗalibi ya wayi gari ya cinye zangon karatu guda a wani birni alhali bai san komai a cikinsa ba sai titin da ya kawo shi daga tasha. Fita tare da abokan zama tana wanke gajiyar karatu, tana kuma sassauta ƙananan saɓanin da ke taruwa tsakanin mutanen da suke kwana suna tashi a ɗaki ɗaya. Sai dai yawancin irin wannan fita a baki take ƙarewa, wadda aka yi kuma sau da yawa takan bar wani da ɓacin rai. A ganina shirin ne ke kasawa, kuma gyaransa yana farawa tun daga cikin ɗaki.

Mataki na farko: ku san ko su wa za su tafi

Ku fara da mutanen ɗakinku da na ɗakunan da ke maƙwabtaka da ku, kuma ku gayyaci kowa baki da baki kafin a buɗe zaure a WhatsApp, domin akwai ɗalibin da ba zai taɓa amsa saƙon da aka aika wa jama'a ba, amma idan aka tsaya a bakin gadonsa aka ce ana so ya zo, zai zo da murna. Sababbin ɗalibai da waɗanda suka zo daga nesa sun fi kowa buƙatar wannan gayyata. Ina ganin mutum biyar zuwa takwas sun isa a fitar farko, saboda mota ɗaya ko biyu za ta ɗauke su, ana iya ƙirga su da ido, kuma yanke shawara ba ya ɗaukar yini guda. Idan masu sha'awa sun haura haka, a raba su ƙananan rukunoni, kowane da jagoransa.

Mataki na biyu: a gama maganar kuɗi kafin a ambaci wuri

A nan ne aka fi yin kuskure, don haka zan ɗan daɗe a kai. Abin da aka saba shi ne wani ya kawo sunan wurin da ya burge shi, kowa ya yi na'am cikin zumuɗi, sai daga baya a zauna lissafin abin da za a kashe. A lokacin kuwa wanda aljihunsa bai kai ba ya riga ya shiga tsaka mai wuya: ko dai ya fito fili ya ce ba shi da hali, ko ya taɓa kuɗin da ya ware wa abinci da takardu, ko ya nemi uzurin da zai fake da shi.

A shekarata ta biyu mun shirya wata fita, kuma da safiyar ranar abokin ɗakina ya ce kansa na ciwo, ya juya fuskarsa bango ya ja bargo. Muka yi masa sannu muka tafi. Da muka dawo da yamma na tarar ya wanke rigar da ya goge tun daren jiya ya sake shanya ta, ko da yake bai sa ta ba, kuma sai bayan makonni ya gaya mini cewa lafiyarsa ƙalau a ranar, kuɗin da aka yanka ne ya yi daidai da abin da ya rage masa na sati biyu. Har yau abin yana damuna, domin tambaya ɗaya da an yi ta cikin sirri da ta wadatar.

Ga yadda ya kamata a yi. A zaɓi mutum ɗaya mai riƙon amana ya zama ma'aji, kowa ya rubuta iyakar abin da zai iya kashewa a guntuwar takarda ba tare da sa suna ba, a naɗe a miƙa masa. Adadi mafi ƙanƙanta da ya fito shi ne ma'aunin fitar, kuma a kansa za a nemi wurin da ya dace. Wanda yake da hali kuma yana so ya ƙara, ya ba ma'aji a asirce, a zuba a asusun kowa da kowa ba tare da an sanar da wanda ya bayar ba. A lissafa kuɗin mota na zuwa da na dawowa, da kuɗin shiga, da na abinci da ruwa, sannan a ɗora kamar kashi ɗaya cikin goma a ajiye gefe saboda abin da ba a zata ba. A karɓi karo-karon kwana biyu kafin ranar, a rubuta sunan duk wanda ya biya, domin tara kuɗi a bakin mota shi ne mafarin jinkiri da gardama. Kuɗin dawowa kuma a ware shi daban, kada a taɓa shi ko da an ga abin sha'awa.

Mataki na uku: zaɓen wurin zuwa

Da zarar an san ƙarfin aljihu, za a ga cewa wuraren da ba su da tsada suna da yawa. Akwai gidan tarihi, da lambun tsirrai, da gidan namun daji, da filin wasa a ranar da ƙananan ƙungiyoyi ke karawa, da babban ɗakin karatu na gari, da bikin baje kolin littattafai, da tsofaffin unguwannin da za a iya zagayawa a ƙafa, da tudun da ake hawa a hango birni daga sama. Akwai kuma fitar da ake yi don amfanin wasu, kamar ziyarar gidan marayu ko zuwa ba da gudummawar jini, wadda duniya ta ware wa ranar 14 ga Yuni ta kowace shekara. Na lura cewa wurin da ake tafiya ana hira ya fi haɗa zukata a kan wurin da za a zauna shiru ana kallo, musamman idan 'yan rukunin ba su gama sabawa da juna ba.

Kada kowa ya bar katin shaidarsa na ɗalibi a ɗaki, domin wurare da dama suna rage wa ɗalibai kuɗin shiga idan sun nuna shi, kuma ba laifi ba ne a tambaya ko da ba a rubuta a allo ba. Mai niyyar ƙetare iyakar ƙasa zai iya neman katin ɗalibai na ƙasa da ƙasa da ake kira ISIC, wanda aka ƙirƙiro tun 1953 kuma ake karɓarsa a ƙasashe da yawa. Haka nan ranar 18 ga Mayu ita ce ranar gidajen tarihi ta duniya, wadda aka fara kiyayewa a 1977, kuma gidajen tarihi da dama sukan buɗe ƙofa kyauta ko su shirya abubuwa na musamman a ranar.

Kafin a tsayar da magana, mutum ɗaya ya kira wurin ko ya je da ƙafarsa ya tabbatar da lokacin buɗewa da na rufewa, domin abin da ke intanet yakan tsufa, kuma a ƙasashe da yawa gidajen tarihi ba sa buɗewa ranar Litinin. Ya duba ko akwai banɗaki, da inuwa, da wurin da mai son yin ibada zai keɓe, da hanyar da mai keken guragu zai bi idan akwai shi a cikinku. A kawo wurare biyu ko uku a gaban jama'a, a ɗaga hannu, a bi rinjaye.

Mataki na huɗu: rana da dokokin ɗakin kwana

A ɗauko jadawalin zango a duba, a guji makon jarrabawa da makon da ke gabaninsa, a kuma tambayi kowa ko yana da gwaji ko aikin da zai miƙa. Farkon zango ya fi dacewa, lokacin da karatu bai yi nauyi ba kuma aljihu bai huje ba.

Kowane ɗakin kwana yana da ƙa'idarsa game da lokacin rufe ƙofa da kwana a waje, kuma wasu suna buƙatar a sa hannu a littafi kafin fita. Ku bi wannan ƙa'ida ko da kuna ganin ta tsananta, domin idan wani abu ya faru, wannan littafin ne zai fara nuna inda za a neme ku. Ku bar wa wani da ba zai tafi ba jerin sunayenku da lambobin wayarku da wurin da za ku da lokacin da kuke sa ran dawowa. Wanda zai fita a ƙarshe ya zagaya ɗakin ya zare dutsen guga da abin dafa ruwa daga soket, ya tabbatar an kulle kwamfutoci da takardun shaida a akwati, sannan ya kulle ƙofa, a kuma san hannun wanda mabuɗin yake.

Mataki na biyar: hanya

Mafi yawan hatsarin irin wannan fita yana kan titi ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya yana kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, wato daidai shekarun yawancin ɗalibai. Hukumar ta kuma ce ɗaura bel yana iya rage haɗarin mutuwar wanda ke cikin mota da kusan rabi. Saboda haka kada a cusa mutum bakwai a motar mutum biyar don a rage kuɗi, kada kuma a ji nauyin ce wa direba ya rage gudu ko ya ajiye waya.

Idan ɗaya daga cikinku ne zai tuƙa, a tabbatar yana da lasisi, a kuma tabbatar ya yi barci a daren, domin babban mutum yana buƙatar sa'a bakwai zuwa tara, kuma ɗalibin da ya kwana yana karatu har asuba bai kamata a damƙa masa rayukan mutane ba. Idan motar haya ce, a yi ciniki na zuwa da dawowa tun farko, a karɓi lambar direba, a rubuta lambar mota a aika wa wanda aka bari a ɗaki. A sa lokacin tashi da wuri, a faɗa wa kowa cewa minti goma sha biyar kawai za a jira, a kuma tsara yadda za a kamo hanyar dawowa kafin duhu.

Mataki na shida: bayan an isa

Da saukarku, kafin kowa ya watse, a ƙirga mutane da babbar murya, a nuna wuri ɗaya mai sauƙin ganewa, kamar bakin ƙofar shiga, a ce nan za a haɗu a ƙarfe kaza ko idan wani ya ɓace. Kowa ya samu abokin tafiya guda, kada a bar mutum ɗaya ya nufi wani wuri shi kaɗai, ko da banɗaki ne, a wurin da ba a sani ba. Wayoyi su kasance da caji, kuma kowa ya rubuta lambar jagora a takarda ya sa a aljihu, saboda waya takan mutu a lokacin da aka fi buƙatarta. Ku san lambar kiran gaggawa ta ƙasar da kuke. 112 tana aiki a duk ƙasashen Tarayyar Turai da wasu ƙasashe da dama. Mai ciwon asma ko wata lalura ya riƙo maganinsa, ya kuma gaya wa abokin tafiyarsa inda ya ajiye shi.

Idan wurin yana da kogi ko tafki ko teku, a ƙara tsanantawa. Nutsewa a ruwa tana kashe kusan mutum 300,000 a shekara a duniya, kuma a cikin taron matasa abin da yakan jawo ta shi ne zuga da jin kunyar a ce mutum ya ji tsoro. Wanda bai iya iyo ba ya faɗa tun farko, kada kuma kowa ya tura wani cikin ruwa da sunan wasa. Idan wani ya shiga matsala, a jefa masa igiya ko sanda ko wani abu mai yawo a kan ruwa, a kira masu ceto, domin wanda ke nutsewa yakan cakumi mai cetonsa su tafi tare.

Akwai wani ladabi da ake yawan mantawa da shi, wato neman izini kafin a ɗauki hoton mutum ko a ɗora shi a intanet. Wasu suna da dalilansu na ƙin a ga hotonsu, kuma ba dole ne su bayyana ba. Jagora kuma ya riƙa waiwayen wanda ya yi shiru ko yake tafiya a baya, ya jawo shi cikin hira. Kafin a tashi a kwashe sharar da aka tara, a sake ƙirga mutane a wurin haɗuwa, a kuma ƙara ƙirgawa bayan an shiga mota.

Mataki na bakwai: dawowa

Ku shiga ɗaki a hankali, domin waɗanda kuka bari wataƙila suna barci ko suna karatu, ku kuma sanar da wanda kuka bar wa sunayenku cewa kun iso lafiya. Washegari ma'aji ya karanto abin da aka tara da abin da aka kashe a gaban kowa, ya mayar da canji komai ƙanƙantarsa, ko kuma a amince a bar shi a asusu don fita ta gaba. A wannan zaman ne ya dace a tambayi kowa abin da ya ji daɗinsa da abin da ya takura masa, a miƙa jagoranci da riƙon kuɗi ga wasu mutane biyu daban, sannan a je wurin waɗanda ba su samu zuwa ba a tambaye su, ɗaya bayan ɗaya, wace rana ce za ta yi musu daidai a karo na gaba.