Yadda na daina shan ƙasa a kwana

Wallahi sati 3 wata kwanar hanya ke kayar da ni da kekena a gangaren duwatsun Shere da ke kusa da Jos, tayar gaba ta zame kawai sai in ji ni a ƙasa, gwiwa duk ta ɗaye. Ashe ni ke damƙe birki a tsakiyar kwanar, ga tsoro ya sa ina ja da jiki baya, gaba ba nauyi. Yanzu tun kafin in shiga nake rage gudu in saki birki, fedar da ke ta wajen kwanar tana ƙasa na danne ta, keken nake kwantarwa ba jikina ba. Ido kuma can mafita, na bar kallon dutsen da nake tsoro. Tayar ma na ɗan rage mata iska, da tauri gare ta kamar ƙwallo.