Maganin kiyashi a gida: a kashe uwar, ba 'yan aike ba

Kiyashin da ake gani sun yi layi daga bakin taga zuwa gwangwanin sukari 'yan aike ne kawai. Uwarsu tana can cikin rami, a tsagar bango ko ƙarƙashin daɓe, ba ta fitowa, aikinta saka ƙwai. Shi ya sa za a fesa magani da safe, a share gawarwaki cike da abin kwashe shara, kafin la'asar wani layin ya sake ɗinkewa. A wasu ƙananan jajayen kiyashi ma feshin ƙara ɓata lamari yake yi, domin gidansu na da uwaye da yawa; da sun ji warin guba sai su rabu, kowace uwa ta ja zugarta ta kafa sabon gida. Rami ɗaya ya zama uku.

Kafin a taɓa komai, a bi layin da ido har inda ya shige. Yawanci gefen bututun ruwa ne, ko ƙasan ƙofa, ko bayan soket, ko inda siminti ya rabu da tayil. A sa alama a wurin, kada a toshe tukuna. Sannan a gwada abin da suke so: a ɗiga ruwan sukari a kan wata 'yar takarda, a sa garin ƙuli-ƙuli a kan wata, a ajiye su kusa da layin. Bayan awa ɗaya za a ga inda suka fi taruwa. Wannan gwajin ba ɓata lokaci ba ne, don masu neman maiƙo ba za su kalli tarkon zaƙi ba.

Tarkon da ke aiki shi ne abinci mai guba mai jinkirin kisa, wadda za ta bar ɗan aike ya koma gida ya ciyar da uwa da 'ya'ya. Borik asid ko boraks, waɗanda farin garin sinadari ne, su suka fi dacewa, ana samunsu wajen masu sayar da kayan haɗa sabulu da wasu shagunan magani. A kofi ɗaya na ruwan ɗumi, kimanin mililita 250, a narkar da ƙaramin cokali 9 na sukari da rabin ƙaramin cokali na borik asid. In boraks ne, a sa kashi uku cikin huɗu na cokalin. A jiƙa auduga a ciki, a sa ta a ƙaramar roba mai murfi, a huda ramuka uku ko huɗu a gefe da ƙusa mai zafi, a ajiye daidai bakin hanyarsu. Ga masu son maiƙo, a kwaɓa ɗan ruwan haɗin da garin ƙuli-ƙuli ko markaɗaɗɗiyar gyaɗa.

A nan ne mafi yawan mutane ke kuskure. Sai a ga rabin cokali ya yi kaɗan, a zuba cokali biyu. Haɗin da ya yi ƙarfi ko dai kiyashin su ƙi shi, ko su mutu a hanya, uwar kuwa ko a jikinta. Kuskure na biyu shi ne ganin sun yi dafifi a kan robar a kwana biyun farko, hankali ya tashi, a ɗauko maganin feshi. Yawan nan shi ake nema, a ƙyale su su yi ta jigila. A riƙa sake audugar duk bayan kwana biyu ko uku, musamman da hunturu da take saurin bushewa. Ana fara ganin raguwa cikin mako guda, amma babban gida kan kai mako uku ko huɗu. Robar kuma a sa ta inda yaro mai rarrafe, kaji da kyanwa ba za su kai ba, a rubuta a jikin kwalbar ragowar, kada wani ya ɗauka ruwan sha ne.

Tarko ba ya ci in akwai abin da ya fi shi daɗi a kusa. Sukari, garin madara da dabino su shiga mazubi mai murfin da ke kamawa. Kwalbar zuma a goge bakinta, a tsayar da ita cikin faranti mai ruwa. Kwanukan dare kada su kwana. Ƙafafun kabad ɗin abinci a sa su cikin gwangwanaye masu ruwa da ɗigon sabulu, a canza ruwan kowane mako saboda sauro. Famfo mai ɗiga da gindin randa ma suna janyo su, da rani ruwa suke nema fiye da abinci.

Sai layin ya ɗauke sarai za a wanke hanyar da ruwan omo, saboda ƙanshin da suke bari a ƙasa shi ne ke yi wa na baya jagora. Daga nan a toshe tsagar da siminti. A leƙa waje kuma: reshen mangwaro ko gwaiba da ya taɓa kwanon rufi gada ce, a sare shi.

Allin kashe ƙwari da fiya-fiya na kashe 'yan aiken da ke fili ne kurum. Fiya-fiya kuwa ba abin zubawa a ɗakin kwana ko madafa ba ne. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da maganin ƙwari na Sniper da irinsa a kasuwanni da kantuna saboda haɗarinsa.

Ramin tururuwa ko na cinnaka, wadda ba ta san na gida ba, in yana tsakar gida a fili, a buɗe bakinsa da fartanya da sassafe, a kwarara tafasasshen ruwa kamar lita 10, a maimaita kwana biyu ko uku, don zuba ɗaya ba ya kai wa ƙasan ramin. Kwarkwasa daban ce: da damina take kawo hari cikin dare, ta wuce. Ba a yi mata tarko. A ɗauke jarirai da 'yan tsaki daga hanyarta, a zagaye bakin ƙofa da akurki da toka mai kauri. In kuwa abin da aka gani hanyar laka ce ta hau bango, ƙwarin ciki farare masu kaurin ƙugu, to gara ce, ruwan sukari ba zai yi mata komai ba. A duba azara da katakon rufi, a kira masu feshin gara.