Yadda ake tara kuɗin ginin majami'a bisa tsarin John Wesley

Idan an ɗora maka shugabancin kwamitin gini, ko kuma kai ne faston da aka turo wa ikilisiyar da har yanzu take sujada a rumfa, shawarata ita ce ka ɗan dakata da maganar ranar ƙaddamar da gidauniya. Na daɗe ina riƙe da littafin ma'aji, na kuma ga yadda alkawarin da mutum ya yi da makirfo a hannu ana tafa masa yake wuyar karɓa daga baya. Kuɗin da ke kai gini ga rufi shi ne ɗan abin da ke shigowa kowane mako ba fashi. Mu 'yan Methodist bai kamata a tuna mana da wannan ba, domin da haka aka fara.

A watan Mayun 1739 John Wesley, wanda ya kafa Methodist, ya aza harsashin ɗakin taro na farko a birnin Bristol na Ingila, wanda ake kira New Room, bashin ginin kuwa ya hau kansa. A Fabrairun 1742 aka zauna neman mafita. Wani Kyaftin Foy ya ce kowa ya riƙa ba da kwabo ɗaya a mako. Aka ce masa ai da yawa ba su da halin ko wannan. Sai ya ce a haɗa shi da mutum 11 daga cikin mafi talauci, zai riƙa bin su mako-mako, wanda ya samu ya bayar, wanda bai samu ba shi zai cike gurbinsa. Wasu suka bi sahunsa. Daga nan ne tsarin aji na Methodist, wato raba mabiya ƙananan rukunoni kowane da shugabansa, ya samo asali, don masu karɓar kwabon sun zama su ne suka san wa ke kwance ba lafiya, wa ya daina zuwa.

To haka za ka yi. Ka raba ikilisiya gida-gida, kamar mutum 12 kowane rukuni, ka ba kowane rukuni shugaba da ɗan littafi: suna a hagu, makonni a jere a sama. Adadin da za a yanka ya zama wanda gwauruwa da ɗan koyon sana'a za su iya fitarwa ba tare da sun ji a jikinsu ba. Mai hali ya ƙara, amma a wani shafi dabam. Wajen zaɓen shugabannin nan ne aka fi yin kuskure, a ɗauko mai baki a taro a bar mai ƙafa. Nemi wanda ba ya ƙyashin zuwa gidan mutane, wanda kuma zai iya fitowa hannu wofi bai ɓata fuska ba.

Kuɗin gini kada ya kwana a gidan fasto, kada kuma ya gauraya da baikon Lahadi. Bayan an tashi sujada mutum biyu su zauna a teburi ɗaya, ɗaya yana ƙirga ɗaya yana rubutawa, sannan su yi musaya su sake ƙirgawa, duka biyun su sa hannu. Washegari a kai banki, a manna takardar shaidar a allon sanarwa inda kowa zai gani. Wannan kariya ce ga faston kansa. Aikinsa shi ne ya fara bayarwa. An san Wesley da riƙe kansa a kan fam 28 a shekara tun yana Oxford, abin da ya ƙaru ya rabar, shi ya sa da ya buɗe baki a kan kuɗi ake saurare.

Sai maganar takardar fili, kuma a gama ta kafin a sauke bulo ko ɗaya. Wesley ya fara danƙa ginin Bristol a hannun amintattu 11, sai abokinsa mai wa'azi George Whitefield ya ja kunnensa cewa gobe suna iya hana shi hawa mumbari in wa'azinsa bai yi musu daɗi ba. Wesley ya soke takardar. Daga baya, a 1763, aka fitar da takardar amana guda da za a riƙa bi, wadda ta fayyace wanda ke da ikon naɗa mai wa'azi. Kai ma ka rubuta fili da sunan amintattun coci bisa dokar ƙasarku, ba da sunan attajirin da ya ba da shi ba, komai kirkinsa. 'Ya'yansa ba su yi muku alkawari ba.

Zanen gini kuwa a yi shi daidai ruwa daidai tsaki. Wesley ya yi gargaɗi a gina ɗakunan sujada masu sauƙi da tsabta, don tsadar gini takan sa ikilisiya ta dogara ga masu kuɗi, daga nan su fara juya ta. Cocin Methodist na Amurka har doka ya kafa cewa sai an tabbatar da kashi uku cikin huɗu na kuɗin kafin a fara. Gaskiya Wesley da kansa bai cika jira ba, ya fara ginin ɗakin taro na birnin Newcastle a 1742 ba shi da wani abin kirki a hannu, ga aikin da aka ƙiyasta fam 700. Amma shi yana da littattafai da yake sayarwa da abokai a ko'ina, kai ba ka da su.

Neman taimako daga waje shi ne na ƙarshe. Charles McCabe, limamin soja da ya yi zaman kurkukun Libby a 1863 lokacin yaƙin basasar Amurka, ya shafe shekaru daga 1868 yana yawo gari-gari da waƙa da lacca yana tara wa hukumar gina majami'u kuɗi, kafin ya zama bishop a 1896. Hukumar takan ba da ɗan tallafi ko rance ga ikilisiyar da ta riga ta motsa, in an biya rancen a miƙa wa wata. Don haka in za ka rubuta wa hedikwata wasiƙa, ka haɗa da kwafin takardar fili, ƙiyasin magini, jimillar abin da rukunoni suka tara wata-wata, da hoton ginin ya kai linta. Ka roƙi abu ɗaya takamaimai, kamar kwanon rufi da katako. Filasta da fenti su jira sai an fara sujada a ciki.