Idan likita ya ce za a leƙa huhunka da na'ura

Ba tiyata ba ce, kuma ba a tsaga ƙirji. Siririn tiyo ne mai lanƙwasuwa, kaurinsa milimita 5 zuwa 6, bai kai fensir ba, da fitila da kyamara a bakinsa. Ta hanci ko ta baki ake zura shi, ya bi maƙogwaro ya gangara rassan huhu. Likitoci na kiran aikin buronkoskofi, kuma wani likita ɗan Japan, Shigeto Ikeda, ya ƙirƙiro tiyon mai lanƙwasuwa a 1966.

Ana yi wa mai tofar da jini, da wanda tari ya ƙi rabuwa da shi, da wanda hoton ƙirjinsa ya nuna tabo amma kaki ya ƙi fitowa. A irin wannan hali sai a zuba ruwan gishiri na asibiti cikin reshen da ake zargi, a zuƙo shi a kai gwajin GeneXpert, wanda ke gano ƙwayar tarin fuka cikin kimanin awa 2. In an ga tsiro, sai a tsinko ɗan nama kamar ƙwayar gero a kai awo.

Shiri daga gida yake farawa. Kada ka ci komai awa 6 kafin aikin. Ruwa zalla ne kawai ya halatta, shi ma ka tsaya saura awa 2. Kunu da fura abinci ne, kada a ce ai sha ne. Dalili kuwa, za a kashe maƙogwaro da maganin lidoken, in amai ya taso sai ya zarce huhu. Ka zo da duk magungunanka a leda, har na gargajiya. Masu tsinka jini irin su warfarin da kilofidogirel akan dakatar da su kwana 5 zuwa 7 kafin tsinko nama, amma da umarnin likita, ba da ra'ayinka ba. Mai ciwon suga ya tambayi yadda zai yi da allurarsa tunda ba zai karya ba.

Aikin kansa minti 20 zuwa 30 ne. Za ka yi tari, za ka ji kamar numfashi zai tsaya. Ba zai tsaya ba, iska na wucewa ta gefen tiyon.

Bayan an gama, kada ka kai komai baki sai bayan awa 1 zuwa 2, ka fara da kurɓin ruwa. In an yi maka allurar kwantar da hankali, ba kai ba tuƙin mota ko babur sai gobe, don haka ka zo da ɗan rakiya. Ɗan zazzaɓi da dare, dashewar murya da ɗigon jini a kaki duk sukan wuce. Amma sukar ƙirji da haki na iya nufin iska ta ɓulle daga huhu. Wannan, ko jinin da ya wuce cokali 2, a koma asibiti nan take.

Sai maganar gyaɗa, wadda ta fi damunmu. Yaro na cin gyaɗa ya shaƙe, ya yi ta tari har ya galabaita, can sai ya lafa, iyaye su ce Alhamdulillahi ta wuce. Sau da yawa ba ta wuce ba, ta sauka reshen huhu ne, galibi na dama. Gyaɗa ba ta fitowa a hoton ƙirji, man da ke cikinta kuma yana kumbura hanyar iska, sai a yi makonni ana maganin limoniya a banza. Kada a zura yatsa, kada a ɗura masa ruwa ko mai. A kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato a ranar, a faɗa wa likita ƙarara cewa ya shaƙe da gyaɗa, da lokacin da abin ya faru. Da miƙaƙƙen bututun ƙarfe ake ciro ta bayan an sa shi barci, kuma ta fi sauƙin fita kafin ta jiƙa ta fara marmashewa.