Yadda ake zaɓen maƙerin da zai yi maka bututun bindigar toka

A jikin bindigar toka, abu ɗaya ne kawai zai iya kashe mai ita, shi ne bututu. Ƙota in ta tsage sai a sassaƙa wata, kunama in ta saki sai a gyara. Bututu kuwa in ya fashe, hannun hagu da ke tallafe da shi da fuskar da ke jingine a gindinsa su ne ke fara biya. Saboda haka maharbi, ko wanda ke cikin masu buga bindigar fada ranar hawan Salla, ko mai son ya raya ta gado, da maƙerin bututu ya kamata ya fara, ado ya biyo baya. Ko labarin da ake bayarwa na Yunfa Sarkin Gobir a Alƙalawa, lokacin da ya nufi Shehu Usmanu da bindiga, ai kansa wutar ta komo.

Kafin ka taka maƙera, ka taka ofishin 'yan sanda. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku, kuma waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki su ne a kaso na uku. Kasancewarsu na gargajiya bai fitar da su daga doka ba. Ƙera su da gyara su sai da izinin Sufeto Janar na 'yan sanda, riƙe su kuma yana ƙarƙashin ikon Kwamishinan 'yan sandan jiha. An ƙara sabuwar dokar taƙaita ƙananan makamai a 2024. Da halin da gabashin jihar Sakkwato ke ciki, wajen Isa da Sabon Birni da Goronyo, ba wanda zai saurari uzurin cewa ta farauta ce in an same ka da ita ba takarda. Je hedikwatar rundunar jiha ka ji matsayin da ake a kai yanzu, don akan dakatar da ba da lasisi a wasu lokuta. Tambayarka ta farko ga maƙeri ita ce takardar izininsa. In ya ce ba a buƙata, ko ya ce ka dawo da dare, magana ta ƙare ke nan.

A birnin Sakkwato, wanda ke neman aikin ƙarfe ya san Maƙerar Assada. Amma ba kowane maƙerin baƙi ne maƙerin bututu ba. Mutum na iya zama gwani wajen garma da lauje da takobi bai taɓa auna kaurin bututu ba. Hanya mafi aminci ita ce ka bi ta hannun Sarkin Maƙera, ko Sarkin Baka na yankinku, ka ce: "Ranka ya daɗe, wa ke wannan aiki da izini, kuma wa ke riƙe da bindigar da ya yi shekaru da suka wuce?" Sai ka nemi ganin tsohon aikin nasa. Sabon bututu da aka goge aka shafa wa mai ba ya gaya maka komai, wanda ya sha damina biyar ko goma a hannun maharbi shi ke faɗin gaskiya.

Babbar magana ita ce asalin ƙarfen. Tambayi maƙerin kai tsaye: "Malam, wannan ƙarfen daga ina ya fito?" Amsar da ke jawo asarar yatsu ita ce bututun famfo. Shi bututun ruwa faranti ne aka naɗe aka haɗa bakinsa da walda, saboda haka yana da ɗinki tun daga wannan kai har wancan. Haska tocila a ciki, za ka ga wani siririn layi a miƙe, wani lokaci ma ka ji shi da ɗan yatsa. Ta nan yake tsagewa. Ga shi kuma kaurin bangon na rabin inci ko na inci uku bisa huɗu bai cika milimita 3 ba, kuma ƙarfe ne mai taushi da aka yi don matsin ruwan famfo. Bututun da masu wayarin ke zura waya a ciki ya fi shi muni, haka ƙarfen ƙafar gado da na kujera. Akwai masu yabon sandar sitiyarin tsohuwar mota. Ko da ta zamo marar ɗinki, ba wanda ya san irin duka da lanƙwasa da tsatsar da ta sha kafin ta iso kasuwar 'yan gwangwan. Abin da ake so shi ne ƙarfe marar ɗinki wanda aka san nau'insa, ko sandar ƙarfe cikakkiya da aka huda a inji. Maƙerin kirki zai nuna maka guntun da ya yanke, ya gaya maka inda ya saya. Wanda ya ce sirrin sana'a ne, bar masa sirrinsa.

Don ka sami abin kwatance, dubi yadda ake yi a Amurka, inda har yau ake haɗa irin dogayen bindigogin ƙarni na 18. Can galibi mai haɗa bindiga ba ya yin bututu da kansa, wurin kamfanonin da suka ƙware a kai yake saya, irin su Rice da Colerain da Green Mountain. Bututun nasu mai kusurwa takwas ne, tsawonsa kan kai inci 42. Wanda raminsa ya kai milimita 12.7 akan ba shi faɗin kusan milimita 24 daga waje, wato bango ya haura milimita 5 ta kowane gefe, ninki biyu na bututun famfo ke nan, kuma daga sandar ƙarfe aka huda shi. Shigo da irin wannan Najeriya sai da lasisi na musamman, amma lissafin kaurinsu ya isa ya zame maka ma'auni. Ka ari ma'aunin kauri wurin masu tona, wato masu feƙe ƙarfe da huda shi a inji, ka auna bango a wurare huɗu a baki, sannan a wurare huɗu a gindi. In gefe ɗaya ya fi wani kauri sosai, ramin ya kauce daga tsakiya: harbi zai riƙa karkata, gefen da ya sirance kuma shi ne zai fara kumbura. Gindi dole ya fi baki kauri, don a nan albarushi ke kamawa, a nan matsi ya fi tsanani.

Toshiyar gindi ita ce inda ake gane maƙerin da ya san aikinsa, kuma nan ne masu saye suka fi sakaci saboda ƙota ta rufe wurin. Toshiya tagari murɗa ta ake yi, da haƙora irin na noti, ta shiga kamar rabin inci, fuskarta ta zauna daram a kan kafaɗar da aka yanka mata a ciki, ba tare da wani gurbi ba. In akwai gurbi, tokar albarushi za ta riƙa taruwa a ciki, ta jawo danshi, tsatsa ta ci haƙoran a ɓoye har ranar da toshiyar za ta fita. Ta baya take fita, saitin idon mai harbi. Yawancin aikin araha cusa guntun rodi ake yi a bi shi da walda. Walda a nan illa biyu gare ta. Zafinta kan sauya ƙarfin ƙarfen da ke kewaye, wani wuri ya yi taushi wani ya yi gautsi, sannan ba ka da hanyar buɗewa ka duba ciki har abada. Ka sa a kwance toshiyar a gabanka, ka duba haƙoran ko cikakku ne masu kaifi, a mayar. In tana rawa kafin ta ƙure, ko an naɗa mata zare ko leda don ta kama, ba ta yi ba. Haka za ka duba ɗan ƙarfen da kunama ke sara, wanda wuta ke bi ta cikinsa: shi ma murɗawa ya kamata a yi, kuma ƙofarsa ta zama 'yar ƙarama. In ta yi faɗi, wuta na tsartuwa baya har ta ɗaga kunama.

Tun da toshiya na kwance, ɗaga bututun ka leƙa ta ciki wajen haske, kana juya shi a hankali. Ka saita shi da gefen ƙofa ko taga, inuwar gefen za ta faɗa cikin ramin. A miƙaƙƙen bututu inuwar a miƙe take tafiya, a lanƙwasasshe kuwa sai ka ga ta karye a wani wuri. Daga nan ka naɗa tsumma mai ɗan mai a kan sandar ɗuri yadda zai shiga da ƙyar, ka tura a hankali har ƙarshe. Hannunka zai gaya maka abin da ido bai gani ba. In tsumman ya tafi da nauyi ɗaya, madalla. In ya zo wani wuri ya yi sako-sako sannan ya sake kamawa, bututun ya kumbura a nan, kuma kumburarren bututu ba ya gyaruwa. In ya fito a yayyage, cikin na da kaushi ko ramukan tsatsa. Akwai kuma tsohuwar dabarar gano tsaga: a jiƙa bututun da kananzir, a bar shi ya ɗan jima, a goge shi tas, a barbaɗa masa garin alli. Inda duk akwai tsaga, ko ta kai siririn gashi, kananzir zai fito ya zana layi a kan allin. Wasu kan rataye bututu su ƙwanƙwasa su saurari ƙararsa. Wanda ya yi ƙara a dakushe abin zargi ne, amma zaƙin ƙara ba shaidar lafiya ba ne.

Sai batun tsagin ciki. Bindigogin tokarmu galibi sumul suke a ciki, kamar waɗanda aka riƙa kawowa Afirka ta Yamma daga Birmingham ta Ingila da Liège ta Beljiyam. Masu tsagi mai murɗewa suna juya harsashi don ya tafi saiti, kuma murɗin lissafi gare shi: ga dunƙulallen harsashin dalma, zagaye ɗaya cikin inci 66 ake yawan yi, ga dogon harsashi kuma a matse shi zuwa inci 28 ko kusa, inci 48 na tsakiya. Yanka irin wannan tsagi daidai wa daida aiki ne mai wuya da ke son kayan aiki na musamman. A ganinmu, mai buga bindigar biki ba ya buƙatarsa sam, mai farautar zabi da zomo ma sumul ta fi masa. Tsagin da aka kwaikwaya da magagari a ɗan bakin bututu don a ƙara kuɗi ba ya ƙara saiti, rage kaurin bango kawai yake yi.

A Ingila haramun ne a sayar da bindigar da ba a gwada bututunta ba. Akwai gidan gwaji a Landan, akwai na Birmingham da aka kafa a 1813, inda ake buga bututu da ɗuri mai nauyi a ɗaki na musamman, in ya tsira a buga masa hatimi. Maƙerin unguwa ba shi da irin wannan gida, don haka ka tambaye shi yadda yake gwada aikinsa. Amsar da za ka karɓa ita ce: a bayan gari, da sanin hukuma, bututun a ɗaure a jikin gungume, a ja da igiya mai tsawo daga bayan katanga ko tudu, a auna faɗinsa kafin bugu da bayan bugu, a maimaita gwajin tsumma da na alli. Wanda ya ce zai ɗora a kafaɗa ya buga don ka ga ya yarda da aikinsa, ko ya miƙa wa yaron maƙera, bai san haɗarin abin da yake yi ba. Laya da ake ɗaura wa ƙota ba ta ƙara wa bango ko milimita ɗaya.

Maƙerin da ya cancanta zai ba ka ma'aunin ɗuri na wannan bututun, ɗan ƙaho ko gwangwani da aka yanka daidai, ya hana ka awo da tafin hannu. Zai kuma gargaɗe ka a kan abubuwan da ke fasa ko da bututu mai kyau. Garin da ke cikin harsashin bindigar zamani ba albarushi ba ne, matsinsa ya ninka na albarushi nesa ba kusa ba, ko kaɗan ba a zuba shi, haka kan ashana. Barin sarari tsakanin albarushi da abin da aka tura a kansa na kumbura bututu ko ya fasa shi. Ɗuri biyu a kan juna na faruwa a hayaniyar hawa, idan bindiga ta ƙi tashi mai ita bai lura ba ya sake ɗurawa. Maganin wannan shi ne alama biyu a jikin sandar ɗuri, ɗaya ta lokacin da bututu ba komai, ɗaya ta ɗuri guda. In bindiga ta ƙi tashi, a bar bakinta yana kallon inda ba mutane na aƙalla minti ɗaya, don wuta kan yi jinkiri. Ƙasa ko gidan zanzaro a bakin bututu su ma sun isa su fasa shi.

Wajen ciniki, kada ka biya duka a gaba, kuma kada ka matsa masa da cewa Salla ta ƙarato, gaggawa ce ke sa a koma ga walda. Ku rubuta yarjejeniya gaban shaida: nau'in ƙarfe, tsawo, faɗin rami, kaurin bango a gindi da baki, da cewa toshiya ta murɗi ce. Ka sa ya buga alamarsa da lamba a jikin bututun, lambar da za ta shiga takardarka ta 'yan sanda. Ka kuma ji ko zai karɓi bindigar ya kwance ta ya duba sau ɗaya a shekara, an fi so bayan damina. Tsakanin wannan dubawa da waccan, wanki na hannunka: tokar albarushi na da gishirin da ke jan danshi, saboda haka a ranar da aka buga a ranar ake wanke ciki da ruwan ɗumi har tsumma ya fito fari, a busar sarai, a bi da mai kaɗan, a jingine ta baki ƙasa na kwana ɗaya don man kada ya taru a gindi ya toshe ƙofar wuta.